Agali, Wanda Ba Mu Tunawa da Shi Sai Reso Ya Ɗauke

Na Allah ne mu dukanmu, kuma wurinsa kowa zai koma, babu mai zaɓar ranarsa. Ranar Talata, 16 ga watan Satumba 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Agali Mamani a gidan likita a Maraɗi, bayan jinyar kwana tara. Shekararsa ashirin da tara. An maido shi ƙauyensu a ƙasar Rumbu, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar mahaifinsa Malam Mamani, da matarsa Zalika, da ƴa ɗaya, Hamdiya, wadda ba ta cika shekara uku ba.

Sunana Sa'adu. Ni ne mai kula da ma'aikata da kayan aiki a biro, wato ofishin wani proje da ke taimakon makiyaya da manoma a nan Dakoro. Agali shi ne mai kula da na'urorinmu, tun daga ordinatoci, wato kwamfutocin da ke bisa teburanmu, har zuwa reso, layin sadarwar da ke haɗa mu da babban biro na Yamai. Na girme shi da shekara ashirin da biyar, kuma a takarda ni ne shugabansa. Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Mutane da yawa sun yi maganar kirkinsa, kuma gaskiya suka faɗa. Ni akwai abin da na sani wanda ba su sani ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Agali, bari in yi magana da kai kai tsaye, don haka zai fi mini sauƙi.

Na tuna ranar da ka fara zuwa, cikin damina ta 2021. Siriri, da jaka a bayanka, da takardun karatunka cikin leda don kada ruwa ya taɓa su. Na kai ka ɗan ɗakin nan na baya inda muke ajiye tsofaffin tayoyi. A nan babbar na'urar da ke riƙe da duk bayananmu take, wadda kuke cewa sarbar, an ɗora ta bisa bulo biyu, wayoyi sun cukurkuɗe a bayanta kamar saiwar gamji. Ka durƙusa ka daɗe kana dubawa, sannan ka ɗago ka ce, “Baba Sa'adu, wa ke riƙe da kalmar sirrinta?” Na ce wanda ya riƙe wurin kafin kai ya tafi Yamai, kuma ba ya ɗaukar waya. Ba ka yi tsaki ba. Ka nemi tsintsiya.

Sati uku ka yi a ɗakin nan. Ka fid da tayoyin, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace ka manna mata ƴar takarda da sunan ɗakin da take zuwa. Daga lokacin muka daina jiran rabin wuni kafin saƙo ya tafi Yamai. Kuma daga lokacin ne muka fara mantawa da kai. Idan komai yana tafiya daidai, direktanmu kan leƙo ya tambaye ni, “Wai yaron nan mi yake yi duk wuni a ɗakin can?” Idan kuwa reso ya ɗauke, ko da kuran, wato wutar lantarki, aka yanke a gari baki ɗaya, ko da iska ce ta kada eriya a wani wuri da ba ka taɓa zuwa ba, sai ka ji sunanka yana tashi daga kowane ɗaki. Wasu ma ba su kiran sunan. Mai reso suke cewa.

Duk abin da ke da waya a jikinsa naka ne a wurinmu. Ka gyara telebijin ɗin gidan direkta. Ka gyara wayoyin masu gadi da na shoferori. Ni kaina na taɓa kawo maka rediyon tsohuwata, ka karɓa ka yi dariya ka ce wannan ta girme ka, amma washegari ka maido ta tana magana. Ban taɓa jin ka ce wa wani wannan ba aikina ba ne. Sai daga baya na fahimci cewa kowace sa'a da ka ba mu a kan waɗannan, daga aikinka na gaskiya ka cire ta, kuma sai ka biya ta bayan kowa ya tashi.

Hamsatu, mai shigar da sunayen makiyaya cikin na'ura, ta ba ni wani labari ranar sadakar bakwai wanda ban sani ba. Lokacin da Yamai ta sauya mana tsarin shigar da bayanai, ita ta kasa gane shi. Shekararta hamsin, kuma ta ji ana raɗe-raɗin za a kawo wata yarinya a madadinta. Ba ta gaya wa kowa ba, kai ne ka lura tana daɗewa a kan shafi ɗaya. Wata biyu kana zama da ita bayan la'asar kana koya mata. Ta ce abin da ba za ta manta ba shi ne, ba ka taɓa karɓar na'urar daga hannunta ba. Kakan sa hannuwanka a baya ka tsaya, ka ce, “Inna Hamsatu, sake gwadawa, ba abin da zai fashe.” Har yau tana kan aikinta.

Kontara ɗinka na aiki na wata shida ne. Sau takwas na ajiye shi gabanka ka sa hannu. A kansa an rubuta mataimaki, alhali babu wanda kake taimaka wa, kai kaɗai ne a sashen. Duk lokacin da ka karanta kalmar nan kakan yi ɗan murmushi, sannan ka sa hannu. Sau biyu aka buɗe horo a Yamai ga masu irin aikinka, sau biyu ka nema, sau biyu aka ce idan ka tafi wa zai riƙe reso. Konje kuwa, wato hutun aiki, na duba dosiyenka, inda ake ajiye takardun aikinka, bayan rasuwarka: kwana goma sha ɗaya ka ɗauka cikin shekara huɗu. Biyu daga ciki na sunan Hamdiya ne, kuma na tuna a ranar sunan ma mun kira ka.

Yanzu na zo kan abin da ya fi mini nauyi.

A farkon 2024 wani daga cikinmu ya rubuta ƙorafi zuwa Yamai game da yadda ake tafiyar da biro, bai sa sunansa ba. Direkta ya fusata. Ya kira ka ɗakinsa, ina zaune, ya ce ka buɗe masa akwatunan saƙonnin ma'aikata ya ga wanda ya rubuta. Ka ce, “Shef, ina iya buɗewa. Amma an ba ni mabuɗan nan ne don in tsare su. In Yamai ta rubuto a takarda cewa a buɗe, zan buɗe a gaban mai akwatin.”

Ya ce, “Ni ne shugabanka a nan, ba Yamai ba.”

Ka ce, “Haka ne, Shef. Ka yi haƙuri.”

Ba ka ɗaga murya ba, ba ka kuma buɗe ba. Ka fita ka ja ƙofa a hankali. Tun daga ranar ya daina amsa gaisuwarka sai da gyaɗa kai. Ni kuma, da nake zaune ina kallo, na ji daɗin abin da ka yi a zuciyata, amma na ƙudurta cewa ba zan bari a gan ni a gefenka ba. Ina da ƴaƴa bakwai, saura shekara kaɗan in yi ritaya. Da wannan na lallashi kaina.

Cikin watan Fabrairu kilimar da ke sanyaya ɗakin sarbar ta lalace. Ka rubuto takarda kana neman a gyara, kana bayanin cewa na'urar ba ta jure zafi, kuma batiran da ke riƙe ta idan kuran ya yanke sun tsufa. Ƙa'idar biro ita ce takardarka ta biyo ta hannuna, in sa hannu, in kai wa direkta. Na karanta na sa ta cikin aljihun tebur. Na ce bari fushinsa ya huce tukuna. Cikin Maris ka rubuto ta biyu. Cikin Afrilu ka rubuto ta uku, ka haɗa da lissafin zafin ɗakin na kowace rana, da ka riƙa aunawa da azahar. Duk lokacin da ka tambaye ni nakan ce ana dubawa. Kai kuma ka kawo fankar ɗakin kwananka daga gida ka kafa wa na'urar, kana jiƙa buhu kana ratayawa a taga.

Kowa ya tuna bazarar 2024. Ciyawa ta ƙare da wuri, rijiyoyi suka ja baya, shanu suka fara kwanciya ba su iya tashi sai an ɗaga su da itace. Projenmu ya samu dussa da angurya da za a raba wa gidajen makiyaya dubu shida da wani abu, kuma sunayensu duka, da ƙauyukansu, da abin da kowane gida zai samu, suna cikin sarbar. Kamyo-kamyo, manyan motocin da ke ɗauke da buhunan, suka iso ranar wata Litinin cikin Mayu. Mutane suka fara taruwa da amalanke da jakuna, daga Rumbu, daga Kornaka, daga Mai Yara. Ranar Talata da hantsi kuran ya yanke ya dawo sau uku a jere, na'urar ta yi wani ƙara, ta mutu.

Ban taɓa ganin biro ya yi tsit irin na ranar ba. Ba tare da sunayen nan ba, babu yadda za a raba buhu ko ɗaya ba a yi rikici ba. Direkta yana baranda yana kai da komowa. A waje mutane suna zaune cikin rana, kowa ya baro dabbobinsa a kwance.

Ka fito daga ɗakin, rigarka sharkaf da gumi, ka ce a ba ka moto, wato babur. Muka zaci gudu za ka yi daga faɗa. Bayan minti ashirin ka dawo da wani ɗan akwatin ƙarfe. Ashe tun shekarar da ka zo, kowace Alhamis kakan kwafe duk abin da ke cikin sarbar a wani faifai, ka kulle shi, ka ajiye a wajen biro, saboda irin wannan rana. Ka rubuta haka cikin rahotanninka na wata-wata, waɗanda ni ne ya kamata in karanta. Ka ɗauki tsohuwar ordinatar da muka jingine a sito, ka kafa ta a ɗakina don shi ya fi sanyi, ka shiga aiki. Abin da ya ɓace sunayen da aka shigar daga Juma'a zuwa Litinin ne kawai, gidaje ɗari da arba'in, su kuma Hamsatu tana da katunansu na takarda. Tana karantowa kana shigarwa. Ranar Alhamis da safe aka fara rabo. Kwana biyu kacal aka yi jinkiri.

Na tsaya a bakin sito ina kallon amalanke suna fita da buhuna. Babu ko mutum ɗaya cikinsu da ya san sunanka. Kai kuma kana zaune a gindin itacen bedi da kofin shayi, idanunka sun yi ja, kana kallonsu.

Bayan sati ɗaya Yamai ta aiko tana tambayar dalilin mutuwar na'urar da wanda ke da alhaki. Direkta ya rubuta cewa sakacin mai kula da ita ne, bai sanar da kowa halin da take ciki ba. A iya saninsa ma ba ƙarya ya yi ba, don takardunka ba su taɓa isa teburinsa ba. Aka rubuta maka takardar gargaɗi. Ni aka ba in miƙa maka.

Na kira ka ɗakina. Ka karanta ta a tsaye, har ƙarshe. Sannan ka dube ni ka ce, “Baba Sa'adu, takardun nan uku da na rubuto, sun kai kuwa?”

Na ce, “An tura su.”

Suna cikin aljihun teburin da na dafa da hannuna a lokacin. Ka daɗe kana kallona. Ban san abin da ka gani a fuskata ba. Ka ɗauki alƙalami ka sa hannu, ka ce, “To, Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri.” Washegari da safe ka leƙo ka gaishe ni kamar kullum, ka tambayi ƙafata da ke ciwo. Da ka zage ni da na fi samun sauƙi.

Sau ɗaya tak na ji ka yi maganar abin da ke damunka. Muna cikin mota za mu ƙaramin bironmu na Kornaka, wajen ƙarshen shekarar. Kana duba wayarka kana murmushi, na tambaye ka, ka ce abokan karatunka ne. Ku goma sha huɗu kuka gama tare. Ka lissafa mini su: uku suna Yamai suna aikin da kuka karanta, ɗaya yana sayar da wayoyi a kasuwar Maraɗi, biyu sun tafi haƙar zinariya arewa, ɗaya yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, sauran suna ta ajiye takardu a biro-biro. Ka ce su suna ganin kai ka dace. Muka wuce gonaki da yawa, sannan ka ce:

“Ka san abin da ke ba ni tsoro, Baba? Ba yawan aikin ba ne. Abin da na karanta yana tsufa. Kowace shekara sabon abu yana fitowa, ni ina nan ina sauya tawadar na'urar buga takarda. Nan da shekara biyar, in na fita neman aiki, yaran da suka gama jiya sun fi ni sani. Kuma in aka tambaye ni mi ka yi a Dakoro, mi zan nuna? Duk ranar da na yi aikina da kyau, ba abin da ke faruwa.”

Na ce maka haƙuri, kai yaro ne, lokacinka yana zuwa. Irin maganar da manya kan yi idan ba su son a ci gaba da zance.

Ban san kana karatu da kanka ba sai da Zalika ta gaya mini. Ta ce kullum bayan asuba, kafin ka fito, kakan yi sa'a ɗaya da littattafan da ka sauko da su a waya, Hamdiya tana bisa cinyarka. Da wannan karatun ka nemi wani aiki a Yamai a farkon bana. Cikin mutum fiye da ɗari kuka rage ku uku. Suka nemi a aiko musu da dosiyenka daga wurinmu. Ni na haɗa shi, takardar gargaɗin tana ciki. Ba su ɗauke ka ba. Ban san ko ita ce dalili ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Kai dai da ka dawo cewa ka yi, “Wanda suka ɗauka ya iya aiki, na gan shi.”

Zazzaɓin ya fara maka a farkon Satumba, bayan ka dawo daga Kornaka inda tsawa ta ƙona mana kayan reso. Kwana uku kana zuwa biro da shi, saboda rahoton wata uku da za a aika Yamai, kuma babu wanda zai tsaya a madadinka. A rana ta huɗu Hamsatu ce ta ga kana rawar sanyi cikin zafin azahar, ta sa shofer ya kai ka gida. Daga gida aka kai ka likita a nan, daga nan aka wuce da kai Maraɗi.

Ranar Alhamis, kwana biyar kafin rasuwarka, saƙonni suka ƙi tafiya. Direkta yana tsaye a kaina. Na kira wayarka. Zalika ta ɗauka ta ce, “Baba, yau ko zama ba ya iyawa.” Na ji muryarka daga nesa kana cewa ta ba ka. Ka saurare ni, numfashinka yana fita da ƙyar, sannan ka ce in shiga ɗakin baya, in nemi baƙin akwatin da ke sama, in cire shuɗiyar waya mai lamba huɗu, in ƙirga goma, in maida. Na yi. Saƙonni suka tafi. Ka ce, “Ya yi?” Na ce ya yi, Allah Ya ba da lafiya, na kashe waya da sauri don ana jirana. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya. Ban tambaye ka jikinka ba.

Bayan kwana uku da binne ka na shiga ɗakin bayan nan ni kaɗai. A bisa kanta na tarar da wani kaye, littafin rubutu mai kauri, shafi casa'in da shida, duk da rubutun hannunka. Ka zana inda kowace waya ta bi. Ka rubuta abin da za a yi idan kaza ya lalace, mataki bayan mataki, da Faransanci mai sauƙi, wani wurin har da Hausa. A shafin farko ka rubuta cewa na wanda zai riƙe wurin bayanka ne, don kada ya fara daga inda ka fara. A cikin bangon baya akwai ambulan a manne, kalmomin sirrin biro duka suna ciki. A bayansa ka rubuta: A ba Baba Sa'adu, shi kaɗai. Kwanan watan da ke jiki na bana ne, wata takwas bayan takardar gargaɗi.

Na zauna a kujerarka na daɗe ban tashi ba.

Washegari na fid da takardun nan uku daga aljihun tebur. Na rubuta wa Yamai bayanin abin da ya faru tun daga farko, na ce ni na riƙe su, na haɗa na aika. Na kai wa direkta kwafi da hannuna. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ajiye takardar. Satin da ya wuce amsa ta zo. Sun cire gargaɗin daga dosiyenka. Ni kuma sun aiko mini da tawa takardar neman bayani, kuma daidai ne. Sun ce za a ɗauki mutum biyu a gurbinka, da kontara na shekara biyu. Mutum biyu, Agali. Sai da ka kwanta aka auna nauyin da kake ɗauke da shi.

Na san akwai irinka da yawa a ƙasar nan, a biro-biro da likitoci da makarantu, kowane shi kaɗai a wani ɗan ɗaki na baya. Wanda duk yake shugabantar ɗaya daga cikinsu, ina roƙonsa ya karanta takardar da yaron ya rubuto, ya bar shi ya je horo, ya bar shi ya yi jinya idan ba shi da lafiya. Ban isa in yi wa kowa wa'azi ba. Abin da na kasa yi ne nake faɗa.

Jiya na je Rumbu wurin mahaifinka. Na same shi a zaure bayan masu gaisuwa sun ragu. Na ce ina da magana, na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Yana sauraro yana jan casbi, bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye casbin. Sannan ya ce:

“Malam Sa'adu, bari ni ma in gaya maka tawa. Shekarar nan da dabbobi sunka faɗi, lokacin da anka rubuta sunaye ba ni gari, na bi shanu kudu. Da na dawo an rufe. Na tashi na zo Dakoro na same shi, na ce sa sunana, tunda abin yana hannunka. Ya ce, Baba, sunan da kwamitin gari bai kawo ba, ba ni sa shi, ko naka ne. Na ce ni na haife ka. Ya ce shi ya sa. Na tashi na tafi ban yi mishi sallama ba. Ya sayi buhu biyu ya aiko mini, na maida. Saniya huɗu na rasa. Wata biyu in ya gaishe ni ba ni amsawa, kuma kowace Juma'a sai ya zo ya durƙusa nan inda kake zaune.”

Ya share idonsa da gefen rawani.

“Kai ka ɓoye takarda, ni na yi fushi da shi don ya ƙi cin amana. To wa zai kama wani cikinmu? Abin da ke nawa na yafe maka. Nashi kuwa, na san ɗana. Da ya riƙe ka a rai, da ba ka ga sunanka bisa ambulan ɗin nan ba.”

Muka ɗaga hannu muka yi maka addu'a tare.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Mamani da dukan dangi na Rumbu, da Zalika wadda ta yi jinya ta kuma yi haƙuri da kiran wayarmu, da abokan karatunsa, da abokan aikinmu na Dakoro da Kornaka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah Ya raya Hamdiya, Ya shirya ta, Ya sa idan ta girma ta samu masu gaya mata ko wane ne mahaifinta.

Ya Allah, bawanka Agali ya zo gare Ka. Mun shaida ya riƙe amanar da aka ba shi a inda babu mai ganinsa sai Kai. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka saka masa da Aljanna Firdausi a kan kowane gida da ya amfana da aikinsa bai san sunansa ba. Mu da muka tauye shi, Ka yafe mana, Ka sa shi ma ya yafe mana ranar da za mu tsaya gabanka. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Amin.

Sa'adu, Dakoro, 26 ga Oktoba 2025